Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamai da fastocin Arewa a kan cocin Gaza da kowa ya yi shiru a kansa

Zuwa ga iyayenmu limaman Juma'a da malaman tafsiri, da iyayenmu bishop-bishop, rabaran-rabaran da fastoci na Arewacin Najeriya.

Assalamu alaikum, salama a gare ku baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, muna fatan kuna lafiya, ku da iyali da jama'ar da Allah ya ba ku kiwo. Allah ya ƙara muku haƙuri da mu.

Ni tsohon malamin tarihi ne a sakandare, Musulmi, mazaunin Kaduna, na ajiye alli 'yan shekarun baya. Da yawun mutum tara nake magana, shida Musulmi, uku Kirista, maƙwabta da tsofaffin abokan aiki da muke haɗuwa bayan la'asar a gindin darbejiya, muna sauraron labaran duniya muna musu. Su suka ce ni in rubuta, wai tunda na fi kowa surutu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne ranar 19 ga Oktoban 2025. Ranar ce aka cika shekara biyu da kashe mutum 18 a harabar Cocin Waliyyi Forfiriyus da ke Gaza, kuma ta faɗo ranar Lahadi. Kafin ta zo, na samu wani limami da nake ganin girmansa, na roƙe shi ya ɗan taɓo batun a huɗubar Juma'ar da ta gabace ta. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Malam, dama akwai Kirista a Gaza?" Ɗaya daga cikin Kiristocinmu shi ma ya samu fastonsa da irin wannan roƙo, aka ce masa wannan rigimar Musulmi da Yahudawa ce, su babu ruwansu. Duka biyun mutanen kirki ne, na san su, ba zan ambaci sunan kowa ba. Juma'a ta wuce, Lahadi ta wuce, iya inda kunnuwanmu suka kai ba mu ji an ambaci cocin nan ba, ko a mumbari ko a bagade.

Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe fastoci, ku ba ni dama in fara gabatar da wurin, tunda na lura ko sunansa yawancin mutanenmu ba su taɓa ji ba.

Cocin yana unguwar Zaitun, cikin tsohon birnin Gaza. Na ɗariƙar Otodoks ne, wato Kiristocin gabas da suka raba gari da Fafaroma tun 1054. Limamansu masu baƙaƙen riguna ne da dogon gemu, da Larabci da Girkanci suke ibada, in za su kira Ubangiji kuma "Allah" suke cewa, kamar dai Kirista Bahaushe. Kirsimetinsu 7 ga Janairu take kamawa. Shugabansu Fatriyak Tiyofilos na Uku yana zaune a Ƙudus, mai riƙe masa Gaza kuwa shi ne Akbishop Aleksiyos, wani dattijo Bagirke da ya daɗe a garin.

Shi Forfiriyus ɗan masu hali ne daga Tasalonika, garin nan da Bulus ya aika wa wasiƙu biyu. Ya bar gida da ƙuruciyarsa ya shiga zuhudu a hamadar Masar, ya koma wani kogo kusa da Kogin Urdun, daga bisani ya sauka a Ƙudus. Da aka sayar da gadonsa aka kawo masa kuɗin, sai ya rabar wa matalauta ƙaf, ya kama dukanci yana cin guminsa. A 395 aka naɗa shi bishop na Gaza, lokacin garin na masu bautar gumaka ne, babban gunkinsu ana ce masa Marnas. Almajirinsa Markus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce Kiristocin da suka tarar duka-duka 280 ne, har da mata da yara. Ya ce mutanen ƙauyukan kan hanya sun zuba musu ƙaya a turba, suka tayar da hayaƙi mai ɗoyi don kada su wuce. Da fari ya sauka a shekarar, aka ce ai baƙon bishop ne mai farar ƙafa. Kafin shi ma jini ya zuba. Wajen shekara ta 310 an fille kan Bishop Silwanus na Gaza a mahaƙar tagulla da Rumawa suka kai shi aikin bauta, a 362 kuma, zamanin Sarki Yuliyanus, 'yan gari suka far wa Kiristoci suka rusa gidan zuhudun Hilariyon.

Akwai wani ɓangaren da ban taɓa ɓoye wa ɗalibaina irinsa ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Da sanda ta dawo hannun Forfiriyus, shi ma ya yi duka da ita. Ya tafi Kustantiniyya, ya bi ta hannun Sarauniya Yudoksiya ya samo izinin mijinta Sarki Arkadiyus, a 402 sojoji suka zo suka rusa ɗakunan gumakan Gaza, aka cinna wa na Marnas wuta, aka gina babban coci a gurbinsa. Wanda aka zuba wa ƙaya jiya, yau ga shi da rundunar sarki a bayansa. Duk mai riƙe da rinjaye a garinsa, a Kano yake ko a Jos, ya kamata labarin nan ya hana shi barci kaɗan.

Ya rasu a 420. Wajen 425 aka gina cocin da ke ɗauke da sunansa, kabarinsa yana ciki har yau. Ginin da ake gani yanzu mayaƙan Salibiyya ne suka ɗora shi a tsakiyar ƙarni na 12, aka yi masa gyara a 1856. Daɓensa ya yi ƙasa da titi da kusan mita biyu zuwa uku, sai an sauka ake shiga, domin garin ya yi ta tashi a kan ɓaraguzansa, shi kuwa yana nan inda yake. Jikinsa akwai Masallacin Katibul Wilaya na zamanin Mamalik, kafin yaƙin 2023 hasumiya da ƙararrawa suna kallon juna. Tun da Amru ɗan Asi ya buɗe Gaza a shekarun 630, dauloli nawa suka zo suka shuɗe, amma Kiristocin nan ba su bar garin ba.

To, ga abin da ya sa nake ganin Musulmi suna da bashi a wuyansu. A yaƙin 2014, wanda ya faɗo cikin azumi, da ruwan wuta ya tsananta a unguwar Shuja'iyya cikin watan Yuli, mutane suka kwaso yara suka nufi tsohon birni. Akbishop Aleksiyos ya buɗe ƙofa. Sama da mutum 1,000 suka kwana a harabar cocin da ɗakunansa, kusan dukansu Musulmi. Aka ba su barguna da ruwa da magani, aka riƙa haɗa musu buɗa-baki, suka riƙa jera sahu suna salla a tsakar gidan cocin. Ba a tambayi kowa addininsa a bakin ƙofa ba.

Na san yadda irin wannan ƙofa take ga wanda ake kora, domin na taɓa shiga ta. A rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, dare ya rutsa da ni a wata unguwa da sunana kaɗai ya isa ya sa a kashe ni. Mahaifiyar wani abokin aikina, dattijuwa 'yar zumuntar mata, ita ta ja hannuna ta bi da ni ta bayan gida zuwa sitoron cocinsu, ta zaunar da ni tsakanin karyayyun benci da buhunan masara. Da asuba ta turo ƙofa a hankali da ruwa a cikin wata tsohuwar robar man gyaɗa da buhu ɗaya wankakke. Ta nuna wani kusurwa da haɓarta, ta ce, "Ɗana, gabas nan ne, yi sallarka, amma kada ka ɗaga murya." Kwana biyu na yi a wurin. Ta rasu tuntuni, ban kuma taɓa iya biyanta ba. Duk sanda na ga hoton Musulmin Gaza suna sujada a harabar Forfiriyus, warin man gyaɗar nan nake ji a hannuna.

Da yaƙi ya sake ɓarkewa a Oktoban 2023, cocin ya sake buɗe ƙofa. Wannan karon yawancin masu fakewar 'yan ikilisiyar ne da kansu, ɗaruruwa, tare da wasu maƙwabta Musulmi. Daren Alhamis 19 ga wata, jirgin yaƙin Isra'ila ya yi luguden da ya rusa wani gini a cikin harabar a kan mutanen da ke kwance. Mutum 18 suka mutu, da yawansu yara. Wani uba ya rasa 'ya'yansa uku a dare ɗaya. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ƙungiyar agaji ta Caritas ta mutu tare da mijinta da jaririyarsu. Justin Amash, tsohon ɗan majalisar wakilan Amurka, ya sanar cewa akwai danginsa a cikin mamatan. Rundunar Isra'ila ta ce wata cibiyar Hamas da ke kusa ta nufa, ba cocin ba. Fadar Fatriyak ta kira abin laifin yaƙi, ƙungiyar Amnesty kuma ta ce ba ta ga alamar wani sansanin soja a wurin ba, ta nemi a bincika. Aka jera gawawwakin cikin fararen likkafani a tsakar gidan da aka yi buɗa-baki shekara tara baya. Bayan 'yan kwanaki iyaye suka kawo ƙananan yaransu aka yi musu baftisma a taro ɗaya, don tsoron kada su mutu ba a yi musu ba. Kafin watan ya ƙare an kuma rusa cibiyar al'adu ta Otodoks da ke Tal al-Hawa.

Kokenmu na farko gare ku ne, malamanmu. Kun yi wa Gaza alƙunuti, kun yi kuka a mumbari, Allah ya saka da alheri. Kun tuna mana cewa a can aka haifi Imam Shafi'i, a can Hashimu mahaifin kakan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu. Amma kun bar mabiyanku da zaton duk wanda bom ya kashe a Gaza Musulmi ne, har yaro ya fito daga masallaci yana harara maƙwabcinsa Kirista kamar shi ya tuƙa jirgin. Mun ga sakamakon a Facebook, mun gani a kasuwa. Alhali ku kuka karantar da mu aya ta 40 a Suratul Hajji, inda Allah ya ambaci gidajen zuhudu da coci-coci da wuraren ibadar Yahudu kafin ya ambaci masallatai cikin wuraren da ba ya son a rusa. Ku kuka ba mu labarin Sayyidina Umar da ya ƙi yin salla a cikin babban cocin Ƙudus don kada Musulmin baya su ƙwace shi. Wanda ya karɓi Umar a ranar, Fatriyak Sofroniyus, a kan kujerarsa Tiyofilos yake zaune yau, kuma cocin Gaza a ƙarƙashinta yake.

Sannan ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba bom ɗin Isra'ila kaɗai ya razana Kiristocin Gaza ba. A Oktoban 2007, 'yan watanni bayan Hamas ta karɓi iko, an sace manajan shagon littattafan Kirista na garin aka kashe shi. Hamas ta yi tir da kisan, amma tsoron ya riga ya shiga. A Fabrairun 2008 'yan bindiga suka tarwatsa ɗakin karatu na ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA. Masu tsattsauran ra'ayi daga cikinmu ne suka yi waɗannan, kuma in muna son a yarda da kukanmu a kan zaluncin wani, dole bakinmu ya iya furta namu. Tsoro irin wannan, ga ƙawanya, ga rashin aiki, ga yaƙi bayan yaƙi, su suka zaftare Kiristocin Gaza daga kusan 3,000 a 2007 zuwa kusan 1,000 kafin yaƙin 2023.

Na biyu gare ku ne, fastocinmu, kuma abokaina Kiristoci uku su suka nace in faɗe shi ba sassauci. Kun fi kowa sanin zafin a kashe mutum a ɗakin ibada. Madalla ba ta bar zukatanku ba, Owo ma haka. Duk sanda aka taɓa coci a wata ƙasar Musulmi, muna jin muryarku, kuma da gaskiyarku. To me ya sa wannan cocin ya zama daban? Don wanda ya jefa bom ɗin ne? Waɗannan mutane suna bin Almasihu tun ƙarnoni kafin bishara ta iso bakin Kogin Kwara. Hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Gaza, inda Filibus ya haɗu da Bahabashen nan a Ayyukan Manzanni sura 8, garinsu ta nufa. Ba Otodoks kaɗai abin ya shafa ba. A cocin Katolika na Iyali Mai Tsarki, ranar 16 ga Disambar 2023 an harbe uwa da 'yarta a cikin harabar, fadar Katolika ta Ƙudus ta ce maharbin sojan Isra'ila ne. Ranar 17 ga Yulin 2025 aka sake dukan cocin, mutum uku suka mutu, limamin ya ji rauni, gwamnatin Isra'ila ta ce kuskure ne. Marigayi Fafaroma Faransis kusan kullum da dare sai ya buga musu waya har ƙarshen ransa. Shin a cikin coci-cocinmu nawa aka ware ko minti biyu?

Akwai kuma batun ziyara. Duk shekara mutanenmu suna zuwa ƙasa mai tsarki, su taɓa duwatsu, su ɗebo ruwan Urdun a gora, su dawo da JP, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan suna. Babu laifi. Amma daga Gaza zuwa Baitalami kusan tafiyar Kaduna zuwa Zariya ce, kuma tun kafin wannan yaƙin Kiristan Gaza ba ya zuwa sai da takardar izinin soja, wadda akan ba miji a hana mata, ko a ba yaro a hana iyayensa. A Disambar 2019 ma da farko cewa aka yi ba za a ba kowa ba, sai da aka yi ca sannan aka sauya. Mutumin Kafanchan ya fi ɗan Zaitun samun sauƙin ganin inda aka haifi Yesu.

Na uku ya haɗa ku duka, kuma gajere ne. Kun bari Gaza ta zama sandar da muke dukan juna da ita a nan gida, wannan ya ɗaga tutar Falasɗinu don ya ƙuntata wa maƙwabci, wancan ya ɗaga ta Isra'ila don ya rama. Su kuwa mutanen cocin, da aka ba da umarnin kwashe birnin Gaza a Agustan 2025, fadar Otodoks da ta Katolika suka fitar da sanarwa tare cewa limamai da sistoci ba za su tafi ba, domin tsofaffi da naƙasassu da yunwa ta cinye ba za su kai kudu da rai ba. Suka zauna. An tsagaita wuta ranar 10 ga Oktoban 2025, amma mutumin da gidansa ya zama tsibin ƙasa, tsagaita wuta ba ta ba shi ɗaki.

Ga abin da muke roƙo, cikin ladabi.

Ku ambace su da suna. Malamai, ban ce ku nema wa mamatansu gafara ba, na san hukuncin kuma ba zan koya muku aikinku ba. Amma ku faɗa wa jama'a cewa akwai su, ku faɗi abin da suka yi wa Musulmi a azumin 2014, ku roƙi Allah ya tsare rayayyunsu ya ɗauke musu zalunci. Fastoci, ku sa Forfiriyus da Iyali Mai Tsarki cikin addu'ar Lahadi kamar yadda kuke sa Kiristocin sauran ƙasashe.

Ku ware Juma'a ɗaya da Lahadi ɗaya kafin 7 ga Janairu a tara gudummawa, a ƙarƙashin kwamiti ɗaya mai Musulmi da Kirista. A aika ta hannun da aka sani, fadar Fatriyak a Ƙudus ko ƙungiyoyin agajin da ke aiki a can a zahiri, a kuma liƙa lissafin a bangon masallaci da na coci, naira nawa ta shiga, nawa ta fita. Lambobin asusun da ke yawo a WhatsApp da hoton yaro mai kuka, ku gargaɗi mutane a kansu.

Waɗanda suke da kujera a NIREC, majalisar shugabannin addinai ta ƙasa, ku kai maganar can. Wasiƙar ta'aziyya guda ɗaya mai sa hannun shugabannin addinan biyu zuwa ga Fatriyak Tiyofilos ba ta cin ko kwabo. Ku kuma nemi Ma'aikatar Harkokin Waje ta sa muryar Najeriya cikin masu neman bincike mai zaman kansa a kan daren 19 ga Oktoba, da kare duk wuraren ibadar Gaza, har da Babban Masallacin Umari da aka ragargaza a Disambar 2023.

Masu jagorantar maziyarta, ku sa a tsarin tafiya a zauna da Kiristocin Falasɗinu masu rai, ko na awa ɗaya ne a Baitalami, a ji daga bakinsu.

Na ƙarshe na gida ne. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Shi kaɗai ya yanke wannan shawara, cikin tashin hankali, ba wanda ya shirya masa. Muna roƙon duk liman da fasto da ke unguwa ɗaya su zauna tun ana zaman lafiya, su ƙulla alkawari a gaban jama'arsu cewa in rana ta ɓaci, ƙofar kowanne a buɗe take ga mutanen ɗayan, a san wa ke riƙe da makulli, a san ta wace ƙofa za a shigo.

Mu tara mun fara da ɗan abin da fansho ya bari. Kuɗin suna hannun ɗaya daga cikin Kiristocinmu, tsohon akawu ne, ya rubuta na kowa a littafi har da canjin da ya rage. Muna jiran ku faɗa mana inda za a kai kafin 7 ga Janairu. In mun yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe mana.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin tarihi, a madadin 'yan gindin darbejiya,
Kaduna.